Gidan Samari Mai Haruffan Girka: Yadda Ƙungiyoyin 'Yan'uwantaka Ke Gudana a Jami'o'in Amurka

Duk wanda ya zaga manyan jami'o'in Amurka, musamman na jihohin kudu da na tsakiyar ƙasar, da wuya ya rasa wani layi na ƙasaitattun gidaje a gefen makaranta. Benaye ne, wasu da dogayen ginshiƙai farare kamar gidan gwamnati, kowanne an manna masa haruffa biyu ko uku a goshi. Haruffan na Girkanci ne: Alpha, Beta, Sigma, Kappa da ire-irensu. In ka tambayi masu gidan, sai a nuna maka samari 'yan shekara 18 zuwa 22, su talatin ko hamsin ko fiye, waɗanda ke kwana a ciki, su ci abinci tare, su tara kuɗi, su yi wa kansu doka, su kuma zaɓi wanda zai shigo cikinsu. Turawa na ce wa irin wannan ƙungiya faratanati, daga kalmar Latin da ke nufin ɗan'uwa. Ta 'yan mata kuma sororiti.

Mu nan, da mun ji an ce ƙungiyar ɗalibai mai rantsuwa da sirri sai gabanmu ya faɗi, domin abin da muka sani shi ne 'yan ƙungiyar asiri masu gatari da bindiga. Ta Amurka a fili take. Tana da rajista, jami'a ta san da ita, sunayen 'ya'yanta na hannun hukumar makaranta, kuma yaro zai sa riga mai haruffan ƙungiyarsa ya shiga aji yana taƙama. Amma duk wanda ya ce saboda haka ba ta da haɗari, bai bi labarinta ba. Alherinta da sharrinta daga tushe ɗaya suke fitowa: an bar wa yara ikon gida, da ikon karɓa ko kora, da sirrin da ba a faɗa wa na waje.

Asalin abin ya girmi yawancin jami'o'in da yake ciki. A ranar 5 ga Disamba 1776 wasu ɗalibai a Kwalejin William da Mary da ke jihar Bajiniya suka kafa Phi Beta Kappa, ƙungiyar muhawara mai take da Girkanci, da musafaha ta sirri, da rantsuwa. Ita daga baya ta saki sirrin ta koma ƙungiyar karrama haziƙai. Wadda ake ɗauka uwar irin na yau ita ce Kappa Alpha, da aka kafa a 1825 a Kwalejin Union ta jihar New York, wasu biyu suka biyo ta a makarantar a 1827. Kwalejojin wancan zamani na malaman coci ne, masu tsauri, karatun kuwa haddar Latin da Girkanci. Samari suka nemi inda za su sake, su yi hira, su sha taba, ba idon malami. Suka ari salon rantsuwa da alamomi daga tsohuwar ƙungiyar sirri ta Firimason, suka ari haruffa daga darasin da ke gallabarsu. Gidaje sun zo ne daga baya, lokacin da ɗalibai suka yi yawa kwalejoji suka kasa samar musu makwanci, tsofaffin 'yan ƙungiya masu kuɗi suka fara gina wa ƙannensu. A riƙe wannan batu na makwanci, domin shi ya ɗaure wa jami'o'i hannu har yau.

Tsarin hawa biyu ne. Akwai uwar ƙungiya ta ƙasa mai hedikwata da ma'aikata da lauyoyi, akwai kuma rassa, kowane reshe a jami'a ɗaya. Uwar ƙungiya ce ke ba reshe takardar izini, ita ke iya ƙwacewa. Gidan kansa galibi ba na ɗaliban ba ne, wani kwamiti ne na tsofaffin 'yan reshen ke riƙe da shi yana karɓar haya. A wasu gidajen akan ɗauki dattijuwa ko wani babba ya zauna a matsayin mai kula, a wasu kuwa babu kowa. Ko da akwai, ba shi ke yanke hukunci ba.

Shiga kuwa sai da zawarci. A farkon zango ana ware kwanaki da sababbin ɗalibai ke zagaya gidajen, a gasa musu nama, a buga ƙwallo, a yi hira, kowa na auna kowa. Yaro na duba ko zai iya zama da waɗannan mutane, su kuma suna duba suturarsa, da bakinsa, da garin da ya fito, da ko ubansa ko wansa ɗan ƙungiyar ne, domin ɗan gado yana da alfarma. Da dare sai 'yan gida su kulle ƙofa su zauna. A haska hoton yaro a bango, a ce wa ya yi magana da shi? Wani ya ce yana da barkwanci, wani ya ce shiru-shiru ne, wani ya ce makarantarsu ɗaya kuma ba shi da kirki. Sai a kaɗa ƙuri'a. A da akwati ake zagayawa da shi, kowa ya jefa ƙwallo fari ko baƙi ba tare da an ga hannunsa ba, kuma a wasu ƙungiyoyin baƙi ɗaya tak ya isa ya rufe wa yaro ƙofa. Wanda ya tsallake sai a kai masa takardar tayi. In ya karɓa bai zama ɗan gida ba tukuna, ya dai zama ɗan gwaji na wasu makonni, sau da yawa shida zuwa goma, yana haddace tarihin ƙungiya, da sunayen waɗanda suka kafa ta, da waƙoƙinta, da haruffan Girkanci a jere. Ana haɗa shi da wani na gaba da shi wanda zai zama wansa a ƙungiya, kamar dai uban ɗaki a makarantar kwana, shi ma wan yana da nasa wan, har a jera salsala ta shekaru da dama. Ƙarshe a yi bikin rantsarwa a ɗaki mai duhu da kyandir, a faɗa masa ma'anar haruffan, a koya masa musafahar, a manna masa bajo.

Abin da finafinai ba sa nunawa shi ne yawancin kwanakin gidan ba su da wani armashi. Mako-mako akwai taron reshe, sau da yawa ran Lahadi ko Litinin da yamma, da kiran suna, da karanta bayanin taron baya, da tara ga wanda ya yi fashi ba uzuri. Akwai shugaba, mataimaki, sakatare, ma'aji, mai kula da gida, mai shirya shagali, mai nemo sababbin shiga, mai horar da 'yan gwaji, da wani da aka ɗora wa aikin hana afkuwar haɗari. Duk zaɓensu ake yi, galibi na shekara guda. Ka duba ma'aji, yaro ɗan shekara 20, yana riƙe da kasafin da a babban gida ya kai na wani matsakaicin kamfani: kuɗin haya, albashin kuku, wuta, gyaran famfo, kason uwar ƙungiya, inshora. Shi zai bi abokinsa da suke kwana ɗaki ɗaya ya ce masa ka biya bashinka ko a kai ka gaban kwamitin ladabtarwa. Kuɗin zama ɗan ƙungiya yakan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai a zango ɗaya, gwargwadon gida da jami'a, kuma wannan kaɗai ya isa ya tace talaka tun kafin a zo kan ƙuri'a. Akwai jadawalin shara da wanke banɗaki. Akwai makin jarrabawa da in ka gaza shi za a hana ka shiga shagali, a tilasta maka awannin karatu a laburare. Akwai gasar wasanni tsakanin gidaje, da liyafar sanya kwat sau ɗaya ko biyu a shekara, da ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa kallon wasan ƙwallo su cika gidan da matansu da 'ya'yansu.

Aikin agajinsu ma na gaske ne, ko da yake suna son a yi ta ambatonsa duk lokacin da suka shiga matsala. Kusan kowace ƙungiya tana da hidimar da take tara wa kuɗi. Tau Kappa Epsilon, wadda Ronald Reagan ya shiga a Kwalejin Eureka, tana tara wa asibitin yara na St. Jude da ke Memphis. A Jami'ar Penn State, majalisar waɗannan ƙungiyoyi ce ta fara wata rawar dogon zango a 1973, wadda yanzu ɗalibai ke shafe awa 46 a tsaye ba zama ba barci, kuma tana tara miliyoyin daloli duk shekara domin yara masu cutar kansa.

To me yaro ke saye da kuɗin nan? Na farko abokai. Ɗan shekara 18 da ya baro gida ya faɗo jami'a mai ɗalibai dubu arba'in, cikin mako biyu ya samu mutum sittin da suka san sunansa, da teburin da zai ci abinci. Kada a raina wannan. Na biyu kuma hanya, domin da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya gama shekaru ashirin da suka wuce yana banki ko majalisa, in ya ga haruffan gidansu a takardar neman aiki zai ɗaga waya. Delta Kappa Epsilon, da aka kafa a Yale a 1844, tana alfahari da tsofaffin shugabannin Amurka Gerald Ford da George Bush uba da ɗa, ɗan ma shi ya shugabanci reshen Yale a zamaninsa. Ni dai ina ɗaukar wannan alfahari da taka-tsantsan. Ƙungiyar da ke zaɓen 'ya'yan masu hali tun daga ƙofa, ba abin mamaki ba ne in 'ya'yanta sun zama manya, da ita da babu ita da ma can suka nufa. Amma cewa tana koya wa yara siyasa, wannan ba musu. A Jami'ar Alabama an daɗe da sanin wani ƙawance na gidajen nan da ake wa laƙabi da Injin, wanda ke tsayar da ɗan takarar shugabancin ɗalibai ya umarci 'ya'yansa su zaɓe shi, kuma da wuya ɗan takararsa ya faɗi.

Waccan ƙuri'ar ta baƙin ƙwallo ta yi aiki a kan launin fata da addini shekara da shekaru. Ƙungiyoyi da yawa sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa sai farar fata Kirista, ba su goge ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu ma sai cikin shekarun 1960. Waɗanda aka rufe wa ƙofa suka kafa nasu. Yahudawa suka kafa Zeta Beta Tau a 1898. Baƙaƙen fata bakwai a Jami'ar Cornell suka kafa Alpha Phi Alpha a 1906, wadda daga baya Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, suka shiga. Jami'ar Howard da ke Washington ta haifi da yawa a jere, ciki har da Alpha Kappa Alpha ta mata a 1908, wadda Kamala Harris ke ciki, da Omega Psi Phi a 1911, da Phi Beta Sigma a 1914. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu: Nnamdi Azikiwe ɗanta ne, haka ma Kwame Nkrumah da ya shiga a Jami'ar Lincoln. Manyan ƙungiyoyin baƙaƙen fata tara ne, biyar na maza huɗu na mata, kuma halinsu ya bambanta. Rassansu na jami'a ƙanana ne, yawanci ba su da manyan gidaje, kuma ba a gama da su ranar karɓar digiri. Likita ɗan shekara sittin yana zuwa taron reshen garinsu yana biyan kuɗin ƙungiya, suna rajistar masu zaɓe, suna ba da tallafin karatu. Su ne kuma masu rawar nan ta jere da buga ƙafa da tafi, wadda ake gasa a kanta. Musulmi ma sun bi sahu a 2013, lokacin da wasu ɗalibai a Jami'ar Texas da ke Dallas suka kafa Alpha Lambda Mu, suna kuma kiranta Alif Lam Mim, ba giya, ba shagalin dare.

A Najeriya ma da niyya mai kyau aka fara. Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, domin adawa da ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Bature. Daga baya aka samu masu ɓallewa, wasu sababbi suka fito a shekarun 1970, makami ya shigo, har Pyrates ɗin ta janye daga harabar jami'o'i a 1984. Inda abin ya kai kowa ya gani a ranar 10 ga Yuli 1999, da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife. Na Amurka ba sa yaƙar juna da bindiga. Gawarwakinsu daga cikin gida suke fitowa.

Giya ce farkon zancen. Tun dokar tarayya ta 1984, shekarun sayen giya a Amurka 21 ne, wato yawancin 'yan digirin farko ba su isa ba. Ɗakunan kwanan jami'a akwai masu sa ido. Gidajen 'yan mata kuwa uwayen ƙungiyoyinsu sun hana giya a ciki. Sai ya zama wuri ɗaya da ya rage, babba, mai zaman kansa, wanda ba a tambayar katin shaida da gaske, shi ne gidan samarin nan. Su ke da giyar, su ke tsaron ƙofa, su ke da ɗakunan sama. Yarinya 'yar shekara 18 da ta je shagali tana gidan wasu ne, tana shan abin da wani ya haɗa mata, shi ya sa ƙorafin fyaɗe ba ya rabuwa da waɗannan gidaje.

Sai gwale-gwalen 'yan gwaji. Kowace uwar ƙungiya ta haramta shi a rubuce, yawancin jihohi sun yi doka a kansa, amma bai mutu ba. Yana farawa da aike da shara da tuƙa siniyoyi tsakar dare, ya kai ga hana barci, tsallen kwaɗo, duka da allon katako, tsayuwa cikin sanyi, da ɗura giya. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san lissafin: an yi mini, na jure, don me kai za ka samu a ɓagas? Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji su. Wanda ya sha wuya kafin ya shiga yakan ɗauki abin da daraja, kuma wahalar da aka sha tare tana ƙulla zumunci, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce mai riƙe da bulalar ya girmi wanda ake duka da shekara ɗaya ne kawai, shi ma a buge yake, kuma babu wanda zai ce ya isa.

Abin da ya faru da Timothy Piazza ya fito dalla-dalla ne saboda kyamarorin tsaron gidan sun ɗauka. Ɗan shekara 19 ne, yana karatun injiniya a Penn State. Daren 2 ga Fabrairu 2017 ya je karɓar tayin shiga Beta Theta Pi, reshen da a takarda aka ce ba a shan giya a gidansa. Aka jera 'yan gwaji ana ba su giya daga wannan tasha zuwa waccan. Masu gabatar da ƙara sun ce ya sha kofi 18 cikin minti 82. Ya faɗo daga matattakalar ɗakin ƙasa. Suka ɗauko shi suka shimfiɗe a kujera, suna watsa masa ruwa, suna marinsa ya farka, suka goya masa jaka a baya don kada ya juya rigingine ya shaƙe da amai. Wani sabon ɗan gida ya ce a kai shi asibiti, aka tura shi jikin bango aka ce ya bari. Cikin dare Piazza ya yi ta miƙewa yana faɗuwa, yana buga kai. Ba a kira motar asibiti ba sai ƙarfe 10:48 na safe, kusan awa goma sha biyu bayan faɗuwar farko. Ya rasu ranar 4 ga wata da fasasshen ƙoƙon kai da saifa. Waɗannan yara ba su rasa waya ba. Tsoro suke kada a rufe gidan. A shekarar dai Max Gruver, ɗan shekara 18, ya mutu a Jami'ar Jihar Louisiana bayan an tilasta masa shan giya duk lokacin da ya kuskure amsar tambaya kan tarihin ƙungiya.

Idan irin haka ta faru sai a ga wani ɓangaren tsarin da yaran ba su karanta ba. Kaso mai tsoka na kuɗin da suke biya na inshora ne, amma inshorar tana da sharaɗi: wanda ya karya dokar ƙungiya ba ta rufe shi. Dokar kuwa ta hana ba ƙaramin yaro giya, ta hana gwale-gwale, wato ta hana ainihin abin da ke jawo ƙara. Uwar ƙungiya sai ta fito da takarda ta ce mun hana, su suka saɓa, ta ƙwace izinin reshen, ta bar yaran da iyayensu da lauyoyi. Bayan shekara huɗu ko biyar, in waɗanda suka san labarin sun gama, sau da yawa sai a dawo a sake buɗe reshen da sababbin fuskoki.

Mutum zai ce to jami'o'i su rufe su mana. Wasu ƙanana masu kuɗi sun yi: Kwalejin Williams ta fara raba gari da su a 1962, Amherst da Colby a 1984, Bowdoin ta yanke shawarar haka a 1997. Manyan jami'o'in gwamnati kuwa abin ya fi ƙarfinsu ta fuska uku. Tsarin mulkin ƙasar ya kare 'yancin taruwa, don haka iyakar abin da jami'a za ta yi shi ne ta janye amincewarta, gidan kuwa yana nan a kan filinsa, sai ma ya fita daga idonta gaba ɗaya. Ga dubban gadajen kwana da ba ita ta gina ba. Ga kuma tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa, waɗanda da yawansu a waɗannan gidaje suka yi samartaka, wasunsu ma suna cikin hukumar gudanarwar jami'ar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka gyaran ɗinki-ɗinki ake yi. Ƙungiyoyin baƙaƙen fata sun soke zaman gwaji a hukumance tun 1990, sai abin ya koma ƙarƙashin ƙasa, har wanda ya shiga ta takarda kawai ba tare da ya sha wuya ba ana yi masa gori. Sigma Alpha Epsilon ta soke nata a 2014 bayan mace-mace da dama, ta ce a rantsar da yaro cikin kwana huɗu da karɓar tayi. Babbar majalisar ƙungiyoyin maza ta yanke a 2018 cewa a daina shigar da barasa mai ƙarfin da ya wuce kashi 15 cikin ɗari gidajen. Jihar Pennsylvania ta yi doka da sunan Piazza a shekarar, wadda ta mayar da gwale-gwalen da ya jawo mummunan rauni ko mutuwa babban laifi, ta kuma ba da kariya ga wanda ya kira agaji. Iyayen yaran da suka mutu su ne suka yi ta zarya majalisa har Shugaba Biden ya sa hannu a dokar tarayya a Disamba 2024, wadda ta wajabta wa jami'o'i su riƙa ƙirga irin waɗannan laifuka su kuma wallafa sunan ƙungiyar da aka samu da su, yadda uba zai iya dubawa kafin ɗansa ya karɓi tayi. Wata biyu bayan sa hannun, a Fabrairu 2025, Caleb Wilson, ɗan shekara 20 mai busa kakaki a bandin Jami'ar Southern da ke Baton Rouge, ya faɗi ya mutu bayan an naushe shi a ƙirji a wani ɗakin ajiyar kaya da ke wajen makaranta, yana neman shiga Omega Psi Phi. Waɗanda suka kai shi asibiti cewa suka yi a filin ƙwallon kwando ya faɗi.